Yadda fallen ƙarfe mai kaurin milimita 2 ke zama kwalbatin da manyan motoci ke bi ta kai

Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake aikin hanya ya ga an jibge manyan bututun ƙarfe masu tudu da kwari, da wuya bai tambayi kansa ba: wannan abin da bai fi kwanon rufi kauri da wani abin a zo a gani ba, shi za a binne a ƙarƙashin titi tirela ta riƙa bi ta kai? Tambayar tana kan hanya. Idan aka ajiye bututun a fili aka ɗora masa nauyin motar, lotsewa zai yi nan take. Amma ga shi akwai irinsa da suka shafe shekaru 50 da ɗoriya a ƙarƙashin hanyoyi da layin dogo suna aikinsu. Sirrin yana farawa daga masana'anta, sai dai ba a can yake ƙarewa ba, kuma rashin gane hakan ne ke janyo mafi yawan asarar da ake yi da irin wannan bututu.

Ƙarfen yana isa masana'anta ne a naɗe, naɗi guda mai nauyin tan da yawa, wanda sai da ƙugiyar inji ake ɗaga shi. Kaurin fallen da aka fi amfani da shi yana farawa daga milimita 1.6, sai 2.0, 2.8, 3.5, har zuwa 4.3. Kafin ya iso an riga an yi masa rigar kariya. Mafi shahara ita ce ta tutiya, wato ƙarfen zinc: ana jan fallen ta cikin kwamin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, ya fito ɗauke da ita ciki da bai. Ma'aunin da aka saba a wannan sana'a shi ne giram 610 na tutiya a kan kowace murabba'in mita, idan an haɗa fuskokin biyu. A kowace fuska kaurin rigar bai kai kashi 1 cikin 20 na milimita ba. Wannan 'yar siririyar riga ita ce ke tsakanin ƙarfen da tsatsa, kuma aiki biyu take yi. Tana hana ruwa da iska taɓa ƙarfen, sannan ko an ƙarce ta ƙarfen ya bayyana, tutiyar da ke kewaye da wurin ce ke fara cinyewa a madadinsa. Shi ya sa bakin da aka yanka ba ya saurin yin tsatsa kamar yadda mutum zai zata.

Fallen da yake shimfiɗe ba shi da wani ƙarfin kirki wajen jure lanƙwasa. Da hannu ma ana iya tanƙwara shi. Abin da ke sauya labarin shi ne tudu da kwarin da ake matsa masa. Wani injiniya a Landan, Henry Robinson Palmer, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1829, kuma daga nan kwanon rufi ya samo asali. A 1896 kuma James Watson, wani maƙerin fallen ƙarfe a garin Crawfordsville da ke jihar Indiana ta Amurka, ya yi rajistar naɗe irin wannan falle ya zama bututun kwalbati. Dalilin ƙarfin abu ne na lissafi: juriyar lanƙwasa ba ta dogara ga yawan ƙarfe kaɗai ba, ta fi dogara ga nisan da ƙarfen ya yi daga tsakiyar kaurin bangon. Idan aka tura rabin ƙarfen sama rabi ƙasa, ya zama kamar bangon ya ƙara kauri ba tare da an ƙara ko giram ɗaya ba. Zubin da aka fi yi shi ne milimita 68 daga tudu zuwa tudu, da zurfin milimita 13. Fallen milimita 1.6 da aka yi wa wannan zubi yana jure lanƙwasa fiye da sau 80 a kan shimfiɗaɗɗen ɗan'uwansa. Ga manyan bututu ana ƙara zurfin ya koma milimita 25, tazarar kuma ta zama 76 ko 125.

Da farko yankan fallen ake yi gunduwa-gunduwa, a matsa tudu da kwarin, a lanƙwasa kowace gunduwa ta zama zobe, a haɗa da ƙusoshin ribiti, sannan a riƙa jera zobe a kan zobe har a sami tsawon da ake so. Aiki ne mai cin hannu da lokaci, kuma kowace ƙusa rami ce da aka huda a jikin ƙarfen. Har yanzu ana yin sa a wasu wurare, amma yawancin bututun da ake yi a yau murɗaɗɗe ne.

Wanda ya taɓa warware bututun kwalin da ke tsakiyar naɗin takardar goge hannu ya riga ya san asalin dabarar: doguwar tsiri ce guda ɗaya aka naɗe a karkace, gefenta na haɗuwa da gefenta. Haka injin yake yi da ƙarfe. Ana ɗora naɗin a kan abin warwarewa, fallen ya shiga jerin rololi, bibbiyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ba a matsa tudun gaba ɗaya lokaci guda, domin ƙarfen zai tsage ko rigar ta ɓare. Rololin farko suna fara tudun tsakiya, na gaba su ƙara na gefensa, a haka a haka har a kai baki. Rololin ƙarshe kuma suna tanƙwara gefuna biyu na fallen, ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa, a shirye don haɗuwa. Idan naɗi ya kusa ƙarewa, ana yi wa wutsiyarsa walda da kan sabon naɗi, aikin ya ci gaba.

Daga nan fallen yana shiga kan injin, inda rololi uku ke tilasta masa lanƙwasa ya zagayo. Da ya yi zagaye ɗaya, gefen da ya zagayo sai ya tarar da gefen sabon fallen da ke shigowa. A daidai wannan wuri gefunan biyu ke shiga juna kamar ƙugiya, wasu rololi masu tsananin matsi su kalmashe su, su danne. Abin da ke fitowa haɗi ne mai ninki huɗu na ƙarfe, wanda ke bin jikin bututun a murɗe daga farko har ƙarshe. Babu wuta, babu huda, don haka rigar tutiyar ba ta ƙone ba. Akwai masana'antun da ke yin walda a maimakon kalmasa, amma kalmasar ta fi yawa. Bututun yana fitowa yana juyawa yana tafiya gaba, ba ya tsayawa. Zarton da ke yanka shi ma a kan keke yake, yana bin sa da gudu ɗaya har ya gama yankan ya dawo baya.

Abin da ya fi burge ni a wannan inji shi ne yadda faɗin falle guda ke ba da bututu iri-iri. Ba a sauya naɗin, kusurwar shigarsa kawai ake juyawa. A ce faɗin fallen bayan matsi milimita 600 ne. Idan ana son bututu mai faɗin baki milimita 300, kewayensa milimita 942 ne, don haka faɗin fallen ya kai kusan kashi 2 cikin 3 na kewayen, kuma haɗin zai kwanta sosai, kusan digiri 50 daga miƙaƙƙen layin tsawon bututun. Idan bakin ya zama 600, kusurwar ta koma kusan digiri 71. Idan ya kai mita 2, ta haura digiri 84, wato tudu da kwarin sun kusa zama zobba. Da wannan ake fitar da bututu daga santimita 15 har zuwa mita 3.6. Kuma tunda injin ba ya tsayawa, ba shi ne ke iyakance tsawon bututu ba, motar da za ta ɗauka ce. Shi ya sa a manyan ayyuka ake kai injin tafi-da-gidanka wurin aikin, a kawo naɗin ƙarfe a ƙera a nan, maimakon a cika motoci da bututun da mafi yawan cikinsa iska ce.

Wannan sauƙi yana da tarkonsa. Kuskuren rabin digiri a kusurwa yana sa bakin bututun ya riƙa buɗewa ko tsukewa a hankali yayin da yake fitowa, kuma mai kula da injin ba zai gani da ido ba sai ya zagaya awo a jikinsa a kai a kai. Haɗin ma haka. Daga waje kowane haɗi kyau gare shi. Sai an yanko ɗan guntu an dubi bakin yankan ne ake ganin gaskiya: shin gefunan sun shiga juna sosai, ko da ƙyar suka kama? Ninkin huɗu sun manne, ko akwai gibi a tsakaninsu? Matsin ya yi yawa har ƙarfen ya sirance a wurin lanƙwasar, ko ya fara tsagewa? Masana'antar da ta san abin da take yi tana yanko irin wannan guntu duk lokacin da aka sauya kauri ko faɗin baki, har ta ja shi a injin gwaji ta ga nauyin da zai ɗauka kafin ya zame. Ƙa'idojin da aka fi jingina da su, irin su AASHTO M 36 da ASTM A760 na Amurka, sun fayyace abin da ake bukata daga haɗin. Mai saye yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa sakamakon, kuma a ganina wanda bai nema ba ya yi sakaci da kuɗinsa.

Bayan yanka, yawanci ana mayar da bakin bututun cikin wani inji da ke sake matsa tudu biyu ko fiye na ƙarshe su zama zobba miƙaƙƙu, domin ɗamarar ƙarfen da za ta haɗa bututu biyu ta zauna daram. Ana ɗaure ɗamarar da bol da noti, a sa roba a ciki idan ana son hana yoyo. Inda babu isasshen zurfi a ƙarƙashin hanya, ana matse zagayayyen bututun da inji ya zama mai shimfiɗaɗɗen ciki da gantsararren baya. Wanda kuma za a binne don tsotse ruwan da ke cikin ƙasa ana huda masa ƙananan ramuka a jere. Idan girman ya wuce abin da mota za ta ɗauka, sai a koma ga lanƙwasassun farantai masu kauri da ake haɗawa da bol a wurin aikin.

Akwai abin da tudu da kwarin ke karɓa a madadin ƙarfin da suka bayar: suna rage wa ruwa gudu. Injiniyoyi suna auna kaushin cikin bututu da wata lamba da ke cikin lissafin Robert Manning, injiniyan ƙasar Ireland na ƙarshen ƙarni na 19. Ta kankare mai santsi tana wajen 0.012, ta bututun ƙarfe mai zobba masu zubin 68 da 13 kuwa 0.024. Tunda yawan ruwan da ke wucewa yana raguwa daidai da ƙaruwar lambar, doguwar magudana ta ƙarfe mai zobba za ta ɗauki kusan rabin abin da ta kankare mai girma ɗaya da gangara ɗaya za ta ɗauka. Ƙananan murɗaɗɗun bututu sun fi sauƙi a nan, domin ruwan yana bin murɗin yana juyawa maimakon ya yi ta karo da tudu. An kuma ƙirƙiro wani zubi mai santsin ciki da haƙarƙari a waje, wanda kaushinsa ya yi kusa da na kankare. A gajeren kwalbati mai gangara sosai, sau da yawa bakin shiga ne ke iyakance ruwan ba kaushin ciki ba, don haka bambancin ba ya damun kowa. Amma wanda ya cire bututun kankare daga zane ya maye gurbinsa da na ƙarfe mai girma ɗaya ba tare da sake lissafi ba, yana iya gayyato ambaliya.

Yanzu ga inda zancen yake. Bututun kankare ƙaƙƙarfa ne, shi ke ɗaukar nauyin da kansa, kuma nauyinsa ya nuna haka: mai faɗin baki santimita 60 yana kai kusan kilo 400 a kowace mita, na ƙarfe kuwa kusan kilo 30. Na ƙarfen mai laushi ne da gangan. Idan nauyi ya danno shi daga sama, yana ɗan sunkuyawa, gefunansa su tura waje. Idan suka tarar da ƙasar da aka daɓe sosai, ƙasar sai ta tura su baya. Daga nan matsi ya kewaye bututun ta kowane ɓangare kusan daidai wa daida, bangon ya daina fama da lanƙwasa ya koma ɗaukar matsi a tsaye cikin jikinsa, wanda shi ne abin da ƙarfe ya fi iyawa. Merlin Spangler na jami'ar jihar Iowa ne ya fitar da lissafin wannan sunkuyawa a 1941, kuma lissafin ya nuna a fili cewa taurin ƙasar da ke gefe ya fi taurin bututun tasiri nesa ba kusa ba. A 1960 wasu injiniyoyi biyu, White da Layer, suka kawo hanyar lissafa matsin da ke cikin bangon.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma yana da kyau a gan shi. A ɗauki bututu mai faɗin baki mita 1.2 a ƙarƙashin ciko mai zurfin mita 3. Kowace mita ta zurfin ƙasa tana danna kusan tan 2 a kan murabba'in mita, wato tan 6 ke nan. A ninka da rabin faɗin bakin, a sami tan 3.6 a kowace mita ta tsawon bangon, a kowane gefe. Bangon milimita 1.6 zai kai kusan ninki goma na wannan kafin ƙarfen ya fara sarewa. Wato ba rashin ƙarfin ƙarfe ne ke kashe waɗannan bututu ba. Ta fuskar nauyi, abin da ke kashe su shi ne rasa siffarsu ta zagaye, kuma wannan a hannun masu binnewa yake.

Shi ya sa nake ganin rabin ƙera bututun a cikin ramin ake yin sa. Shimfiɗar da zai kwanta a kai ta zama ta yashi ko ƙananan tsakuwa, babu dutsen da zai tokare shi. Cikon gefe ya zama mai tsakuwa da yashi, ba laka ko ƙasar da ke cike da saiwa da tarkace ba. A zuba shi daki-daki, kowane daki bai wuce santimita 20 ba, a daɓe har ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na taurin da gwajin ɗakin bincike ya nuna, kuma gefe biyu su tashi tare don kada ɗaya ya ture bututun. Wurin da aka fi ha'inta shi ne lungun da ke ƙarƙashin haƙarƙarin bututun, inda injin daɓe ba ya shiga, sai mutum ya sunkuya ya cusa ƙasa da shebur da sanda. Aiki ne mai gajiyarwa da babu mai gani bayan an rufe, amma rami a wannan lungu shi ne mafarin lotsewa. A sama kuma ana son rufin ƙasa na aƙalla santimita 30, ko kashi 1 cikin 8 na faɗin bakin idan ya fi haka, kuma manyan injinan aikin kansu suna bukatar fiye da wannan kafin su hau. Bututu da yawa sun lalace tun kafin a buɗe hanyar, a ƙarƙashin tayar motar da ta kawo cikon. Iyakar sunkuyawar da aka yarda da ita kashi 5 cikin 100 ce na faɗin bakin. Idan ta doshi kashi 20, saman yana gab da juyewa ciki.

Bakin shiga ma yana son kulawa. Bututun ba shi da nauyi, kuma idan ruwa ya taru a gabansa ya shiga ƙarƙashi, yana iya ɗaga bakin sama ya tanƙware shi. Ruwan da ke bin bayan bututun maimakon cikinsa kuma yana kwashe cikon kaɗan-kaɗan har hanya ta rufta. Bangon kankare a baki, mai gindin da ya nutse ƙasa, yana maganin duka biyun.

Sauran magana ita ce ta shekaru. Bututun ƙarfe kusan kullum daga ƙasan cikinsa yake mutuwa, inda ruwa ke kwanciya kuma yashi da tsakuwa ke gogewa. Gugar tana cire rigar, tsatsa ta kama, ruwa na gaba ya wanke tsatsar ya buɗe sabon ƙarfe. Tutiya tana daɗewa ne inda ma'aunin tsami na pH (wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru) yake tsakanin 6 da 10, kuma ƙasar ba ta da gishiri da yawa. Ruwa mai tsami, kamar wanda ke fitowa daga fadama ko wurin haƙar ma'adinai, yana cinye ta da wuri. Abin da mutane ba su cika zato ba shi ne ruwa mai tsabta ƙwarai, wanda ba shi da sinadarin farar ƙasa a narke, shi ma yana cin ta, domin ba ya barin ɓawon da ke kare ta. A irin wannan wuri rigar alminiyom ta fi dacewa, tana jurewa daga pH 5 zuwa 9. Inda ya fi haka tsanani akwai fallen da aka manna wa fatar roba mai kaurin rubu'in milimita a kan tutiyar tun kafin a murɗa shi, akwai kuma tsohuwar hanyar tsoma bututun cikin kwalta. Hukumar hanyoyi ta jihar Kalifoniya ta daɗe da fitar da hanyar ƙiyasta shekarun da bututu zai yi kafin ya huje, daga tsamin ƙasa da ruwa da kuma yadda suke barin lantarki ya ratsa su. Gwajin ba shi da wahala ko tsada idan aka kwatanta da tone hanya. Wanda ya zaɓi riga ba tare da ya gwada ruwan da ƙasar wurin ba, caca ya yi. Haka nan rage kauri don a rage kuɗi: ko lissafin nauyi ya yarda da milimita 1.6, ƙarin kaurin shi ne ajiyar da tsatsa za ta ci shekara da shekaru kafin ta huda.

Idan ƙasan cikin ya fara hujewa, ba lallai a tone ba, muddin bututun bai rasa zagayensa ba. Ana iya zuba kankare mai ragar ƙarfe a ƙasan cikin, ya rufe kusan rubu'in kewayen, ko a zura ƙaramin bututu a ciki a cike tsakaninsu da ruwan siminti. Sharaɗin shi ne a gano da wuri. Lokacin da ruwa ya janye, mai dubawa ya shiga da fitila da guduma, ya kwashe yashin da ya kwanta, ya ƙwanƙwasa tudun da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya auna tsayin cikin da faɗinsa a wurare da dama, ya leƙa kowace ɗamara ko ƙasa na zubowa ta nan. Da zarar ramukan sun haɗe sun zama tsaga mai tsawo, zoben ya yanke, matsin da ke zagaya bangon ba shi da hanyar wucewa, ruwa kuma ya fara jan cikon ta ƙasa. A wannan mataki gyaran ciki ba ya wadatarwa, sai an rufe hanya an tone an sa sabo.